Jan Ƙyalle a Bakin Kanal

Shekarun baya, a wani rani da ruwa ya wadata har gonakin can ƙarshen layi suka samu rabonsu ba tare da rigima ba, na kusa aikata abu mafi muni a rayuwata. Da biro na kusa aikata shi, ina zaune a kan kujera, hankalina kwance, ina ganin kaina mai taimakon jama'a. Yau da la'asar, ina dawowa daga Bunkure ta bakin kanal ɗin ban ruwa, na hangi wani jan ƙyalle a kan kara iska tana kaɗa shi, sai lamarin ya dawo mini gaba ɗaya. Shi ya sa na zauna in rubuta muku shi.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina kuma noman shinkafa a 'yar gonar da mahaifina ya bar mana. Da yake ni ne mai digiri a cikin manoman layinmu, sai aka naɗa ni sakataren ƙungiyar masu ban ruwa. Aikin bai wuce tsara ranar da kowace gona za ta sha ruwa da karanta takarda idan ta zo daga ofis ba, amma na ɗauke shi da girman da ya fi ƙarfinsa. Har jaka na saya saboda shi.

Wanda bai taɓa ganin yankinmu da rani ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi idan na ce wurin yana kama da mafarki. Ko'ina a ƙasar ya bushe, sai kawai ka faɗo cikin kore shar, iyakar ganinka. Ruwa yana tafiya a cikin kanal a hankali, ba ya gaggawa, sararin sama yana kwance a kansa. Balbelu suna sauka a tsakanin shinkafa kamar an watsa auduga. Ƙanshin laka da na ganyen tumatir suna haɗuwa, can nesa kuma kana jin gurnanin injinan casar shinkafa na Kura, ƙasa-ƙasa, har ka daina lura da shi. A cikin wannan na girma, kuma har yau idan na yi mafarkin yarinta ruwan nan nake gani.

A shekarar da nake magana, tsoro ya shigo mana. Ya kamata in faɗi gaskiya: mu ba a taɓa kawo mana hari ba, ko sau ɗaya. Ta rediyo da waya tsoron ya zo. Kowace majalisa ka zauna sai wani ya miƙo maka wayarsa ka ga abin da 'yan bindiga suka yi a can yamma, wa aka ɗauke, wane ƙauye aka tasa. Wata kalma ta shiga bakin kowa, wato infoma, mutumin da yake zaune a cikinku yana nuna wa masu garkuwa gidan da za su shiga. Muka fara duban baƙo sau biyu kafin mu amsa sallamarsa.

To a daidai wannan lokaci wani dattijon Bafulatani ya sauka da iyalinsa a wani tudu da ba a nomawa, bayan ƙofar ruwa ta ƙarshe. Daga yamma suka taso. Mai unguwa ya ba su izini, suka kafa bukkoki huɗu da 'yan shanunsu. Dogon mutum ne siriri, ba ya yawan magana. Matarsa ce muka fi sani, don ita take shigowa gari da ƙwaryar nono, kuma cikin ɗan lokaci mahaifiyata ta daina sayen na kowa sai nata.

Shugaban ƙungiyarmu, wani Alhaji mai gonaki da yawa, shi ya fara ganin ƙyallen. Ɗan jan tsumma ne, bai fi tafin hannu ba, an ɗaure shi a kan kara an kafa a bakin kanal daidai gonarsa. Bayan kwana biyu aka ga wani a gefen gonar mai injin casa. Sai kuma wani a wajen wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya dawo gida da mota. Kafin mako biyu sun kai tara. Daga nan wani ya rantse cewa da idonsa ya ga dattijon nan bayan sallar asuba, ya sunkuya yana kafa ɗaya, yana waige-waige.

A nan ne ilimina ya shigo. Na ɗauki farar takarda na zana layinmu duka, kowace gona da sunan mai ita, na bi na ɗiga jan biro a duk inda aka ce an ga ƙyalle. Da na gama sai na ja baya na duba. Babu ko ɗaya a gefen gonar talaka. Duka tara a gonakin masu hali suke. Gonata ba a sa mata ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, tare da tsoron da ya kama ni har da ɗan jin haushi cewa ba a lissafa ni cikin masu abin hannu ba.

Na kai taswirar taro. Na ga yadda idanun dattawa suka koma kaina, na kuma ji daɗin hakan. Aka yanke shawara a rubuta wa hukumomin tsaro takarda, a gaya musu an gano masu yi wa 'yan bindiga alama, a roƙi a turo sojoji na musamman su zo su share rugar kafin a makara. Ni na rubuta ta, da Turanci, kwana uku ina gyara ta. Aka ce za a sa hannu ranar Juma'a bayan masallaci, a kai ta Litinin. Tun kafin Juma'ar ma, matan gari suka daina sayen nono. Mahaifiyata ma ta daina, don ni na hana ta.

Ranar Laraba abokina ya zo hutu.

Tare muka tashi da shi. A kanal ɗin nan muka koyi iyo, a gefensa muka yi yaƙe-yaƙe da bindigogin kara, kuma kullum ni ne kwamanda, shi ne wanda ake turawa ya leƙo abokan gaba. Girma ya zo ya raba mu, ni na ƙare da alli, shi ya shiga soja, daga baya aka zaɓe shi cikin dakarun nan na musamman da ake turawa daji su kaɗan, inda babu fagen daga, babu kuma wanda ya sa kakin da za ka gane shi abokin gaba ne. A gari idan ana hirarsa, sai ka ji kamar aljani ake nufi. Ni kaina a zuciyata kullum ina ganinsa yana saukowa daga jirgi a kan igiya, fuska a shafe da baƙi. Sai ga shi ya shigo zaurenmu da tsohuwar jallabiya da silifa, ya rame, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, yana tambayar mahaifiyata ko akwai sauran ɗumame.

Bayan ya ci na buɗe jaka na miƙa masa takardar da taswirar. Na zaci zai miƙe ya fara buga waya. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa.

"Turancinka yana nan daram, Farfesa," in ji shi. Tun muna sakandare haka yake kirana.

"Ba Turancin na ba ka ka duba ba, Soja. Ka ga yadda suka jeru?"

"Na gani. Cikin taran nan, guda nawa ka taɓa da hannunka?"

Na ce ban taɓa ko ɗaya ba, rahoto aka kawo mini.

"Dattijon fa, ka je wurinsa?"

"In je in ce masa me? Mun gano ka, ka shirya?"

Ya yi murmushi, ya ninke takardar ya mayar mini. "Gobe in an idar da asuba ka zo ka raka ni yawo. Na yi kewar ruwan nan. Amma ka bar jakar a gida, don Allah."

Tafiyar wannan safiya har yau ba na iya tuna ta kamar yadda ake tuna sauran abubuwa. Tana zo mini ne a gutsure, kamar abin da na gani tsakanin barci da farke. Wani siririn tururi yana tashi daga kan ruwa. Rana ba ta gama fitowa ba, shinkafa tana ɗauke da raɓa. Abokina yana tafe a gabana a hankali, hannuwa a baya, kamar mai gonar da ya zo duba aiki. Duk wanda muka tarar sai ya tsaya sun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi taki, ya tambayi wa ya sha ruwa jiya, wa zai sha yau. Haƙurina ya fara ƙarewa.

"Wai haka kuke yi a can?" na ce. "Ni na zaci ku ba ku da lokacin gaisuwa."

"Me ka ce?" Ya juyo mini da kunnen dama. Na maimaita.

"Da muka shiga, abin da ka zata shi aka koya mana," ya ce. "Yadda ake fasa ƙofa, yadda ake shiga, yadda ake fita kafin kare ya yi haushi. Kuma har yanzu akwai ranar da ake bukatar hakan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ranar ɗaya ce a cikin kwanaki masu yawa. Sauran duka zama ne a gindin bishiya. Ka san rijiyar wa ta ƙafe, ka san wa aka hana wa aure, ka san wane ɗan sintiri ne yake da tsohuwar gaba da wane gida. Mutanen da muke nema ba su da bariki, Farfesa. A cikin mutane suke. In ba ka san mutanen ba, duk ƙofar da aka nuna maka ita za ka fasa."

Muka iso ƙyallen farko, na gefen gonar Alhaji. Ɗan abu ne, amma kamar yana kallona. Abokina ko duban ƙyallen bai yi ba. Ya tsuguna ya zuba wa ƙasa ido. Ya tsinko ciyawa daga bakin kanal, ya murza, ya shinshina, ya miƙo mini. Bakin ganyen ya fara yin rawaya, kuma akwai wani ɗan wari mai ɗaci da na sani, amma na kasa tuna inda na san shi. A ƙyalle na biyu ma haka ya yi, da na uku. A na huɗu ciyawar ta ƙone ƙurmus, kamar wuta ta bi ta kai.

Daga nan ya ce mu biya ta gonata. Ciyawar gefenta kore ce, gajera.

"Kai da me kake kashe ciyawarka?"

"Da lauje mana, da fartanya. Ina na ga halin wani abu?"

"Alhaji fa?"

"Shi ai feshi yake sa a yi ma..."

Ban ƙarasa ba. Warin nan na maganin ciyawa ne. Masu hali su ne masu feshi, talaka shi da laujensa. Ruwa ya ci gaba da wucewa a gabanmu, wata balbela ta tashi ta sake sauka.

"Kada ka yi saurin murna," in ji abokina. "Wannan ma zato ne, irin naka. Mu je mu tambayi mai abin."

Da muka doshi rugar na lura bukka biyu an riga an kware musu ciyawa, an ɗaɗɗaure kaya a gefe. Dattijon yana zaune a kan buzu. Da ya gan ni ya gane ni, na ga kafaɗunsa sun ƙame. Mahaifiyar abokina Babarbariya ce, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum! Ina Bafulatanin gidan nan? A gaya masa ubangidansa ya zo, jikan Barebari, a shimfiɗa tabarma mai kyau!"

Dattijon ya dube shi. Sai fuskarsa ta saki a hankali.

"Wa alaikumus salamu. Babarbare ne? Shi ya sa tun ɗazu shanuna suka ƙi kwanciya. Zauna a ƙasa, bawana, tabarma ta mutane ce."

"To a kawo nonon da kuka ɓoye. Na san halinku, sai ku ce saniya ba ta da lafiya."

"Nono kam akwai shi," in ji dattijon, dariyar ta ɗan ragu. "Kwanan nan ya yi mana yawa."

Matarsa ta kawo fura da nono a ƙwarya, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi jikin mahaifiyata. Ban san yadda na amsa ba. Mun fi awa guda a zaune, abokina bai ambaci ƙyalle ba. Ya tambayi hanyar da suka biyo, da garuruwan da suka ratsa, ya faɗi sunayen wasu dazuzzuka, dattijon yana gyara masa. A hankali labarin ya fito. A can inda suka baro, 'yan bindiga sun kore musu fiye da rabin garke, sannan 'yan sa-kai suka zo suka ce su ne 'yan bindigar. Sai can abokina ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Baffa, jan ƙyallen nan na bakin ruwa fa, naka ne?"

"Nawa ne."

Ya ce a makonsu na farko shanunsa biyu suka ci ciyawar bakin kanal, kore shar, kafin azahar sun faɗi. Ɗaya karsana ce da ya taso da ita tun daga can, a ƙafa. Daga baya ya gane feshi aka yi wa wurin. Tun daga ranar, duk wanda ya hanga da tankin feshi a baya sai ya riƙe wurin a ransa, da asuba ya je ya kafa alama, don 'ya'yansa masu kiwo su hango daga nesa su karkatar da shanu.

"Zanenta ne," ya ce, ya nuna matarsa da haɓa. "Shi kaɗai ne ja a gidan. Saura bai fi ƙyalle biyu ba ya ƙare."

"Amma Baffa, me ya hana ka faɗa wa mutane?" na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so.

Ya dube ni ba tare da fushi ba. "Malam, wa zan faɗa wa? Ran da na yi sallama a majalisarku kun fi mutum goma, uku suka amsa. Baƙon da ya zo jiya zai ce wa mai gona maganinka ya kashe mini saniya?" Ya juya ludayi a cikin ƙwarya. "Mun san abin da ake ciki. Tun ran da nono ya fara dawowa gida muka sani. Can ma haka ya fara. Jibi Asabar za mu tashi, in Allah ya yarda."

"Zuwa ina?"

"Inda Allah ya nufa."

A hanyar dawowa muka zauna a kan simintin ƙofar ruwa, muka tsoma ƙafafu kamar yadda muke yi muna yara. Rana ta ɗaga, hasken yana rawa a fuskar abokina.

"An taɓa kawo mana takarda irin taka," ya ce daga bisani. "Da taswira. Wani mai ilimi ne ya rubuta, babu inda za ka kushe ta. An ce ana ganin hayaƙi a wasu wurare a daji kafin kowane hari. Muka je. Mun iya aikinmu, Farfesa, matsalar ke nan. Kafin ka sha kofin shayi mun gama." Ya motsa ƙafarsa a cikin ruwa. "Masu ɗiban zuma ne."

Ban tambaye shi ko an rasa rai ba, shi ma bai faɗa ba.

"Waɗanda muka je nema babu su a ƙauyen masu zumar a ranar. Bayan shekara guda akwai su. 'Ya'yan mutanen ne."

Na roƙe shi ya zo taron Juma'a da kakinsa ya yi musu bayani, don na san ba wanda zai musa masa. Ya girgiza kai.

"Ni Lahadi zan koma. In na faɗa, kakin za su ji tsoro, ran da na tafi maganar ta bi ni. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Aikina ke nan yanzu ai, in samo ɗan gari da zai faɗi gaskiya da bakinsa, ni in koma baya in zauna."

Ranar Juma'a aka taru a gindin mangwaron ƙofar gidan Alhaji, mai unguwa yana nan, takardar tana kan benci an ɗora mata biro. Abokina ya zauna can baya yana shan rake, kamar wanda ya zo kallo. Na miƙe da damin ciyawa a hannu, na faɗi abin da muka gani da abin da muka ji.

"Sakatare," in ji Alhaji, "wancan makon ka kawo mana taswira, yau ka kawo mana ciyawa. Mako mai zuwa me za ka kawo?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga gefe ya ce, "Fura suka dama masa, ya sha ya manta Turancin."

Na bar su suka gama. Sannan na ce duk wanda ya yi feshin ciyawa a bakin kanal cikin watan nan ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi, ana duban juna. Na buɗe taswirata, wadda na yi alfahari da ita, na karanto sunaye tara. Su ne dai masu hannu a sama, ba ƙari ba ragi. Can wani tsohon manomi da bai cika magana ba ya ce, "Ashe shi ya sa. Akuyata ta mutu a bayan gonar Alhaji, na yi ta zargin maƙwabciyata."

Wannan karon dariyar ba a kaina ta sauka ba. Amma Alhaji bai yi dariya ba, kuma da ya yi magana na ji tsoro ne tsantsa a muryarsa, tsoron mutumin da ya kwana biyu yana ganin an nuna gidansa.

"To in ya zama ba haka ba ne fa? In aka zo aka ɗauke ni, kai za ka je ka dawo da ni?"

Na waiga wajen abokina, ya sunkuyar da kai yana feƙe rakensa. Na ce, "Alhaji, ban san gobe ba. Abin da na sani, ni na rubuta takardar nan ban taka ko'ina ba, kuma ba zan sa mata hannu ba."

Mai unguwa ne ya raba gardamar. Ya ce daga yau duk wanda ya yi feshi shi zai kafa jan ƙyallensa da hannunsa. Dabbobin kowa sun tsira, kuma in aka wayi gari aka ga wanda mai gona bai kafa ba, sai a san akwai magana. Alhaji ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai sake kirana da fara'a ba sai bayan girbi. Na ɗauki takardar na mayar jaka. Da la'asar ni da mai unguwa muka taka har ruga. Dattijon ya saurare mu, ya yi godiya, bai ce zai zauna ba, bai ce zai tafi ba.

Asabar ta wuce ban iya zuwa na duba ba. Lahadi da hantsi, bayan na raka abokina tasha, ina zaune a tsakar gida, sai na ji sallama a hankali daga bakin ƙofa. Matar dattijon ce, da ƙwarya a kai, ta tsaya ba ta shigo ba.

"Ke!" in ji mahaifiyata. "Kwana nawa kin bar ni ina dama fura da ruwa? Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa." Ta juyo kaina. "Kai kuma mai boko, matsa ka ba mutane wuri."

Da za ta tafi, na ga mahaifiyata ta shiga ɗaki ta fito da wani zane a ninke ta cusa mata a ƙarƙashin faifai.

Abokina ya yi ritaya tuni. Yana noman albasa a wajen Kura, kuma ba ya jin haushi in na ce masa bai iya ba. Idan na ga hotunan irin dakarunsu a labarai, da igiyoyi da rufaffun fuskoki, ba na musun cewa akwai ranar hakan. Amma hoton da yake zo mini shi ne na mutum da silifa, a tsugune a bakin ruwa, yana shinshinar ciyawa.

Takardar tana nan a cikin jakar. Nakan ɗauko ta jefi-jefi in karanta, kuma abin da yake tayar mini da hankali shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin abubuwan da na lissafa. Akwai ƙyallaye tara, a gonakin masu hali suke, dattijon ne ya kafa su, da asuba, yana waige-waige. Nakan tambayi kaina, da hutun abokina ya zo bayan mako guda fa? Ban taɓa samun amsar da ta bar ni na huta ba, kuma ina ganin bai kamata in samu ba.

Ƙyallen da na gani yau sabo ne, ban san ma gonar wa ba ce. Na kashe babur na tsaya ina kallonsa. Can sai ga garke ya ɓullo ta gefen kanal, farare, suna tafe a hankali cikin hasken yamma. Ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon ne a gabansu, yanzu shi ma ya yi gemu. Ya hangi jan ƙyallen, ya ɗaga sanda, shanun suka karkata suka bi ta ɗaya gefen. Da ya zo daidai inda nake ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, a gai da Inna."